Dattijo da Tsohon Kafireto

A garejin Sha'aban bakanike, kan hanyar Gamawa a Azare, wani dattijo na zaune rungume da tsohon kafireton injin motarsa cikin ƙyalle. Hausarsa da karin Barebari, idanunsa kullum suna kan titi.

Akori-kurarsa ce ke yawan mutuwa a hanya. Sha'aban ya duba ya ce, "Baba, wannan ya cinye, a sa sabo."

"Wanke shi kawai, kada ka juya notin nan. Ɗana ne ya daidaita shi."

"Yana ina?"

Dattijon ya shiga shafa ƙarfen da yatsa. Jikin Sha'aban ya ba shi cewa ɗan ya fita ne bai dawo ba. Ya ajiye sukudireba, ya ɗauko fetur da buroshi.