Baƙar Ledar Masta Ayamga

Duk wanda ya san Ayamga a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya san shi da abu biyu, walda da saurin hannu. Mutumin wajen Bolga ne, ƙato, wuya kamar turmi. Ya zo Kumasi da ƙuruciyarsa, ya koyi haɗa ƙarfe, ya kama ɗaki a Aboabo tsakiyar Musulmi. Shi kuwa Kirista ne, ran Lahadi yakan goge takalmi ya nufi wani ƙaramin coci a Atonsu. Zuwa cocin bai rage masa zuciya ba. Ya taɓa karya wa wani direba muƙamuƙi don ya raina masa aiki, ya kuma taɓa tsoma wani mai kayan gyara cikin durom ɗin baƙin mai. Mutane suna kiransa Masta, suna kuma ba shi hanya.

Kyauta ma da ƙarfi yake yin ta. Ranar godiyar girbi a coci shi ne mai shigowa da rago a kafaɗa, ya tsaya ƙiƙam sai an kira sunansa an tafa. Wani tsohon malamin coci ne ya ɓata masa wannan jin daɗi. Ya ja shi gefe ya ce, "Ayamga, tafin nan shi ne ladanka, ka riga ka cinye shi. In na Ubangiji kake so, ka bayar yadda ba mai ji, kuma kada wanda ka ba ya sunkuyar da kai saboda kai." Ayamga ya ji haushi ƙwarai, da wani ne ya faɗa masa haka da ya sha mari. Amma maganar ta zauna masa a rai.

A gidan da ke kallon nasa akwai Hajiya Rahamatu, jikar fataken goro. Gidan ya koma hannun magada, an zuba 'yan haya, ita ɗaki ɗaya ya rage mata, 'ya'yanta kuma sun bi duniya. Kullum da yamma takan fito da tukwane tana wankewa a bakin kwata, tana amsa gaisuwa da fara'a. Ranar da ta kira Ayamga ya liƙe mata ƙafar murhun gawayi, sai ya ga murhun ya yi tsatsa, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ashe tukwanen da ba a dafa komai a cikinsu ba take wankewa. Ya kuma san halinta, in ya miƙa mata ko gwangwanin shinkafa za ta mayar masa da godiya, ta koma ɗaki da yunwarta.

Sai ya zaɓi Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci. Yakan ƙulla shinkafa da busasshen kifi a baƙar leda, ya lallaɓa ya tura bayan randarta. An daɗe ana haka. Abin da bai yi tunani ba shi ne, a unguwar Zongo irin Aboabo, namijin da ya tsuguna yana ɓoye ƙulli bayan randar mutane ba sadaka ake zaton ya kawo ba.

Wata Juma'a Abdul-Fatawu, wani mai babur da ke haya a gidan, bai je masallaci ba, domin 'yarsa tana kwance tana kumburi an rasa dalili. Ya leƙo ya ga Ayamga a tsugune. Bai tambayi komai ba, ya zari taɓarya ya sauke masa a gadon baya, yana ihu ya kama mai binne sammu. Daidai lokacin aka taso daga salla, nan da nan layin ya cika.

Ayamga ba waliyyi ba ne. Ya fasa hancin na farko, ya ɗaga na biyu ya maka da bango. Sai wani ya jefo bulo ya same shi a gwiwa, gwiwar da har yau ba ta miƙe ba, ya zube. Aka ja shi waje ta ƙafa. Sarƙar babur ta tsaga masa goshi, takalma suka yi ta sauka a haƙarƙarinsa, ya tofar da haƙori cikin kwata. Wani ya yage ledar, shinkafa ta watse a ƙasa.

"Ai a abinci ake sa sammu," in ji Abdul-Fatawu. "Shi ya kama min yarinya."

Mukhtari mahauci, dattijon layin, ya tare mutane da hannu ya durƙusa kusa da shi. "Masta, ka faɗi wanda ka kawo ma wannan, mu bar ka."

Ta cikin jinin da ya rufe masa ido Ayamga ya hango Hajiya a bakin ƙofa, riƙe da gefen mayafinta. Sunanta kawai zai faɗa ya tsira, amma kafin magariba duk Aboabo ta san 'yar gidan goro ba ta da abin sawa a baki. Tsoro ya kama shi sosai, don ya ga an mirgino taya, wani kuma yana zuƙo fetur daga tankin babur.

"Nawa ne," ya ce. "Na aje ne kawai."

Aka rataya masa tayar a wuya.

Hajiya Rahamatu ta ratso mutane a hankali, ba mai iya ture ta. Ta sunkuya ta ɗauki kifin daga ƙasa, ta kakkaɓe, ta gutsura ta tauna a gaban kowa.

"Ni yake ciyarwa," ta ce. "Tun bara ba abin da ya shiga cikina sai na ledar nan."

Mai fetur ya ajiye gorarsa a ƙasa.

"Mma Hajiya, kar ka faɗi haka," in ji Ayamga cikin gurguwar Hausarsa, da fasasshen baki. Ya juya ga mutane. "Ba gaskiya ba ne sam, shi yana da abinci."

Ta cire masa tayar da hannunta, ta sa gefen mayafi tana goge masa jini. Duk dukan da ya sha bai yi kuka ba, sai yanzu, don ya ga yadda take ƙin haɗa ido da maƙwabta.

"Yi shiru, ɗana," ta ce. "Na riga na faɗa, kowa ya ji."