Tsohon Da Na Kai Tantin Da Ba Nasa Ba

Duk tsawon shekarun da na yi ina tura alhazai a keken guragu a Mina, akwai ranar da ko na tsufa na rikice ba za ta fita daga raina ba. Washegarin Sallah ne da azahar na tarar da wani tsoho zaune a gefen hanya, gumi na tsiyaya, jikinsa na ɓari. Ya ɓata, abin hannun da ke ɗauke da lambar tantinsa ya faɗi a wajen jifa, maganinsa na ciwon suga kuma yana jakar matarsa.

Ina jin Larabcinsa na ce wannan mutumin Maroko ne. Ya buɗe baki zai yi bayani na tare shi.

"Ya Hajj, kwantar da hankalinka. Mina tafin hannuna ce."

A lokacin kaina rawa yake, gani nake ba wanda ya kai ni sanin mutane. Na ɗora shi a keke muka nufi tantunan Maroko. Layi uku muka zaga, babu wanda ya san shi. Da na ga idonsa na lumshewa sai na daina zagayen. Na tsaya a inuwa na ba shi ruwa da dabino, don kada ya sulale min kuma na ce ya ba ni labarin gida.

Ashe inda ke masa ƙaiƙayi na sosa. Ya ce yankinsu shimfiɗe yake a bakin Bahar Rum, daga rairayi sai gonakin inabi iya ganinka, ga wata iska da ke saukowa daga tudu har ta cire wa mutum hula. Tun yana saurayi yake yankan inabi a can.

"Giya suke yi da shi, ɗana," in ji shi, "shi ya sa na zo in wanke hannuna. Jihar ma Langidok ce a da, hukuma ta haɗe ta da maƙwabciyarta, sunan ya tafi. Amma duwatsun da suka raba mu da Sifen suna nan a kudu da mu."

Na ce, "Kudu? Ai Sifen arewa take da Maroko."

"Wa ya ce maka Maroko? Can aka haife ni, amma daga Faransa na zo. Tun ɗazu nake son gaya maka!"

Kunya ta rufe ni. Na juya keken da gudu zuwa ɓangaren alhazan Turai. Tun daga nesa muka hango wata tsohuwa a bakin tanti rungume da jaka. Tana kuka tana yi masa faɗa, tana ɗura masa magani, ni kuma tana sa min albarkar da ban cancanta ba.

Da ya dawo hayyacinsa ya tambaye ni daga wace ƙasar Afirka na zo. Na ce a unguwar Zahir aka haife ni, nan Makka, ni da ubana, ko Kano ban taɓa gani ba. Ya yi dariya har da tari.

"To mun yi kunnen doki," in ji shi.

Ni da kullum nake jin haushi idan aka dubi fuskata aka tambaye ni jirgin da ya kawo ni, ga shi na kusa halaka bawan Allah da irin wannan halin. Tun daga ranar, duk wanda ya hau kekena sai na bar shi ya faɗi inda ya fito da bakinsa kafin in tura.