Bwat Ɗin da Yaɓe Ya Binne

Har yau ban iya mantawa da ranar Talatar da na tsaya gaban kofre a zauren Alhaji Idi da turnabis, ɗan ƙarfen kwance sukuru, a hannuna, sannan na mayar da shi aljihu. Ku da kuke koyon aikin kuran, wato lantarki, a hannuna kun sha tambayata abin da ya sa nake cire waya gaba ɗaya alhali kashe dijonktar ya isa. Yau zan gaya muku yadda abin ya faru, daki-daki.

Na yi shekara uku ina aparanti a Maraɗi, na yi biyu ina ma'aikaci a ƙarƙashin wani shef, sannan na dawo Dakoro na fara cin gashin kaina. Aparanti shi ke ɗauko kaya da sassaƙe bango. Ma'aikaci shi ke jan waya yana haɗawa. Shef shi ke duba aiki ya ce a saki kuran, kuma in abu ya lalace wuyansa ne. Da na dawo gida na zama shef ɗin kaina, sai dai ba mai ba ni aiki. Alhaji Idi, dillalin shanu, abokin mahaifina ne tun suna samari. Da layin kuran ya iso unguwarsu, shi ya fara danƙa mini gida sukutum.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, bari in bayyana abubuwa biyu. Bwat ɗan akwatin roba ne da ake kafawa a bango, a cikinsa wayoyi ke haɗuwa su rabu. Kofre babban akwati ne da ke ɗauke da dijonktar, wato makunnan da ke raba kuran zuwa sassan gida. Ƙa'idar da aka koya mana ba ta da yawa. Na farko, ba a haɗa waya da waya sai cikin bwat. Na biyu, kowane bwat da murfinsa, kuma duk hudar da ba a yi aiki da ita ba a toshe ta. Na uku, murfin ya kasance a fili, ido na ganinsa, hannu na kai masa ba tare da an fasa komai ba. Inda ruwa ke duka, a sa mai roba a baki. Kofre kuwa a busasshen wuri, ba a jibga kaya a gabansa, kowane dijonktar da sunan sashensa a rubuce.

Haka na yi a gidan Alhaji. Gidan ƙasa ne. Na sa kofre a zaure da dijonktar uku: na ɗaya ɗakin Alhaji da firigo, wato firji, na biyu ɗakunan mata, na uku zaure da tsakar gida. A samansu na sa diferansiyel, wanda ke faɗuwa da kansa ya kashe gida duka da zarar kuran ya fara zurara inda bai kamata ba. Bwat bakwai na kafa. Na biyar yana waje, ta tsakar gida, sama kaɗan da ƙofar ƙarfen da ta raba zaure da cikin gida. Na zagaya da Alhaji na nuna masa su ɗaya bayan ɗaya, na ce kada a rufe su. Ya ce ya ji.

Shekara huɗu ban sake shiga gidan da sunan aiki ba. Sai cikin watan takwas, damina ta kankama, aka aiko mini cewa kuran ɗin gidan yana ɗaukewa duk lokacin da aka yi ruwa.

Wadda na fara tararwa ita ce Gwaggo Hajo, yayar Alhaji. Tun rasuwar mijinta take zaune a gidan, ɗakinta na gefen ƙofar ƙarfen nan. Ta san ni tun ina rarrafe, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba. Na same ta tana tura ƙofar da muciya.

"Mai kuran, sai yanzu? Ƙofarka ta fara cizo. Shekaranjiya ta kama ni har gwiwar hannu, na zaci kunama ce."

"Gwaggo, ko dai tsufa ne?"

"Tsufa ba ya cizo, ja'iri. Je ka duba aikinka."

Na je kofre na bi tsari. Na sauke dijonktar ukun, na ɗaga diferansiyel, sannan na riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya. Na ɗaya ya zauna. Na biyu ya zauna. Ina ɗaga na uku diferansiyel ya faɗi. Ke nan matsalar tana layin zaure da tsakar gida. Na buɗe bwat ɗin cikin zaure, ƙalau yake, a bushe. Na fita in duba na biyar. Bango sumul kamar tafin hannu, ya sha farar ƙasa, babu alamar an taɓa kafa wani abu a wurin.

Kowa a nan ya san yaɓe. Kafin ruwan farko ana kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta tsima, magini ya bi bango da tafin hannu yana shafewa. Gidan da ba a yi wa yaɓe ba, damina biyu ta ishe shi. Aka kira mini Ɗan Jimma, maginin da ke yi wa Alhaji yaɓe kowace shekara. Na tambaye shi bwat ɗina. Bai ɓoye komai ba.

"Wanga ɗan akwati? Ai ni na rufe shi tun shekarar farko. Murfin yana tokare mini hannu, na ɓalle shi na cusa ƙasa ciki. Bango ba ya son rami, Isufu. Ta nan ruwa ke shiga."

Ya faɗa yana jiran in gode masa. A sana'arsa gaskiya ya faɗa. Yaɓe huɗu ke nan a kan wayoyina, kuma a ciki babu murfi, sai jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na koma zaure na gaya wa Alhaji cewa dole in fasa bango a saman ƙofa, yau. Sai a lokacin na ji cewa jibi Alhamis za a yi sunan jikarsa, ɗiyar babban ɗansa, kuma baƙi za su zo daga Azagor da Ɗan Gulbi. Don su aka shafa farar ƙasar. Na ce ramin ba zai wuce taki ɗaya ba. Ya ce taki ɗaya a kan ƙofar da kowa zai bi ba ƙaramin abu ba ne. Na ce ƙofar tana iya kashe mutum. Ya dube ni irin kallon da mahaifina ke yi mini.

"Ka fasa mini bango jibi suna, baƙi su shigo ta kan taɓo? Bari a watse. Juma'a ka zo da gudumarka."

"To, Baba Alhaji, layi na uku zai zauna a kashe har Juma'a."

"Na ji. Ba mai taɓa shi. Ni na faɗa maka."

Yanzu ku saurara da kyau. In za ka bar layi mai matsala ka tafi, mataki uku ne. Ka sauke dijonktar. Ka kwance wayar daga ƙarƙashinsa ka naɗe bakinta da sikoci, robar nan mai mannewa, yadda ko an ɗaga shi babu abin da zai wuce. Ka kulle kofre ka tafi da makulli. Na san su ukun, shef ɗina ya sa na haddace su kamar karatun allo. Na yi na farko. Na ciro turnabis don in yi na biyu, Alhaji yana zaune a kan buzunsa yana kallona. Mutumin da ya gama cewa "ni na faɗa maka." In na kwance wayar a gabansa, na ce masa maganarsa ba ta ishe ni ba. In na nemi makulli, na ce masa ba shi da iko da gidansa. Abokin ubana, wanda ya ba ni aikin farko. Kunya ta kama ni. Na mayar da turnabis aljihu, na tura murfin kofre, na yi masa sallama.

A tsakar gida Gwaggo Hajo ta tare ni da muciyarta.

"To, mai kuran, in taɓa ko in ci gaba da turawa?"

"Na kashe shi, Gwaggo. Ki taɓa abinki."

Na ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen don ta gani. Ta sa yatsa ɗaya, ta janye, sannan ta kama da hannu duka. Ta yi dariya, ta ce dama muciyar tuwo gare ta, ta jefa ta cikin madafa.

Ranar Laraba na tafi Mai Yara sa fitilu masu aiki da hasken rana a wani masallaci. Ruwa ya yanke hanya, na kwana can, kuma babu rezo, waya ba ta shiga. Abin da ya faru a bayana daga baya na haɗa shi, daga bakin mutane uku. Wajen magariba mata suna aikin abincin suna a tsakar gida, suka nemi haske. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Alhaji ya ɗaga dijonktar na uku, gida duka ya ɗauke. Ya sake, ya sake ɗaukewa. Suka nemi wayata ba ta shiga. Sai aka ɗauko wani mai gyaran fanka daga bakin kasuwa. Ya duba, ya ce diferansiyel ne ke da fitina, ya ƙetare shi da guntuwar waya. Haske ya zo, mata suka sa masa albarka. Alhaji ya dawo daga masallaci ya ga tsakar gida da haske, ya wuce ɗakinsa. Ita kuwa Gwaggo Hajo ba wanda ya gaya mata cewa layin da na kashe ne aka tayar. Mi ta sani game da layi na uku? Abin da ta sani shi ne mai kuran ya ce ta taɓa abinta.

Alhamis aka tashi da ruwa tun asuba. Da ya tsagaita, maza suka cika zaure. Ta ɗauko ƙwaryar goro za ta miƙa musu, ba takalmi a ƙafarta, ruwa kwance a bakin ƙofa. Ta kama ƙarfen. Hannun bai saki ba. Kafin wani ya tuna da kwantar, mitar da kuran ke shigowa gida ta cikinta, ya ruga ya kashe, ta daɗe a tsaye. An kai ta asibiti, amma gawa aka kai.

Na iso Dakoro gab da azahar, na wuce gidan kai tsaye da niyyar yin barka. Na tarar da tabarmin da aka shimfiɗa don suna, mutane a kai suna karɓar gaisuwa. An raɗa wa jaririyar suna Hajara. An binne Gwaggo kafin la'asar. Jandarmomi biyu sun zo sun yi rubutu, Alhaji ya ce ba shi da ƙara a kan kowa. Na durƙusa a gabansa. Shi ya riƙe hannuna.

"Isufu, kada ka sa wa ranka. Kwana ne ya ƙare."

Ba wanda ya zarge ni. Ba wanda ya zargi mai gyaran fanka, yana nan a bakin kasuwa har gobe. Ɗan Jimma shi ya gyara kabarin da hannunsa. Na yarda kwananta ya ƙare, ni musulmi ne. Amma da an zage ni a ranar, da an kai ni gaban jandarma, ina ganin da na fi samun sauƙi.

Bayan sadakar uku aka bar ni na fasa bangon. Kaurin yaɓen ya kai yatsa huɗu. Bwat ɗin cike da laka. Mahaɗin wayoyin ya yi tsatsa ya dare, jar wayar ta zame ta kwanta a kan ƙafar ƙarfen da ke riƙe da ƙofa cikin bango. Daga bugun guduma na farko zuwa ɗaure sabon murfi ban cika rabin awa ba.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Ƙa'idar da ke cikin littafi an rubuta ta ne ana zaton bango zai zauna yadda ka bar shi. Namu bangon kowace shekara sai an ƙara masa fata. Magini yana bin ƙa'idarsa, mai gida yana kare mutuncinsa a gaban baƙi, kai kana jin nauyin mai gida, kuma kowannenku mutumin kirki ne. Kuran bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Tun daga lokacin ina kwance waya ko a gidan wa, ina kulle kofre in tafi da makulli. Dattawa da dama sun ce ba ni da kunya, sun daina kirana. Suna kiran masu ƙetare diferansiyel, don su haske suke bayarwa, ni kuwa duhu nake bari in tafi. Na zagaya gidajen ƙasan da na yi wa aiki ina roƙon a bar ni in tono bwat ɗin da aka binne. Kaɗan suka yarda. Saura suka ce ai kuran yana aiki, mi za a fasa bango a kai?

Ku yi matakan nan uku, ko a gidan ubanku ne. Ban ce za su ceci kowa ba, don kuna fita wani zai shigo da guntuwar waya. Amma kada ku taɓa ce wa mutum ya taɓa abinsa alhali wayar tana nan a ɗaure. In hadari ya taso daga gabas, kowa a Dakoro yana duban sama yana murna da gero. Ni gidaje nake tunawa, layi-layi, da ƙofofinsu na ƙarfe, da bangonsu sumul, kuma na san daidai inda kowane bwat yake kwance a ciki.