Wakiliyar Mushe Baƙo a Gaban Allah

Duk wanda ya taɓa neman takarda a wani biro, wato ofishin gwamnati, na Tawa, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya san Mushe Baƙo, Mushe irin na Faransanci, wato Malam. In bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, don ita ya fi nuna wa jama'a. Mutumin Dogon Dutse ne, aiki ya kawo shi nan da akwati ɗaya da mata ɗaya, Balaraba, wadda muke zumuntar mata tare a majami'a. Kirista ne ɗan Kirista, kuma ya ɗauki abin kamar gonar gado da wani ya riga ya nome masa, shi sai ci.

Aikin biro ya koya masa cewa babba ba ya zuwa da ƙafarsa, aike yake. Saboda haka a shekara ta uku da aurensu ya buga takardar wakilci, ya ba Balaraba cikakken iko ta yi addu'a, ta rera waƙa, ta kuma tuba a madadinsa. Ya sa hannu, ya danna hatimi. Na gan ta da idona, naɗe a cikin Littafi Mai Tsarki na matar, har ta yi ja don tsufa.

Kowace Lahadi yakan kai ta ƙofar majami'a a kan babur, ya miƙa mata 'yar takarda mai zunubansa na mako, kowane da lambarsa, ya wuce wajen abokinsa Idrisa mahauci ya ci tsire. Shekarar da ta tafi Afala jinyar ƙanwarta, ni ya naɗa riƙon ƙwarya. Mako biyu na riƙe muƙamin. Zunuban ma ba su da daɗin ji: ya harari direba, ya ɓoye kilishi a aljihun tebur. Na tuba a madadinsa dai, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Fasto Ciɗo ya je gidan ya fi a ƙirga. Baƙo yakan tarbe shi da hujja ɗaya, wai ai miji da mata jiki ɗaya ne, in Balaraba ta durƙusa gwiwarsa ce ta taɓa ƙasa. Fasto ya ce to ta riƙa cin tuwon rana a madadinsa mana. Baƙo ya ce ciki ba ya cikin takardar.

Bana da damina zazzaɓi ya kwantar da Balaraba, aka kai ta asibiti, ni ke zaune da ita. Malamar jinya ta kawo ƙwayoyi da kofin ruwa, ta ce lallai a sha kafin azahar, don jikin ya yi nisa. Balaraba ta rufe baki gam. Ta ce shekara talatin da ɗaya tana kai saƙon mutum, yau ga ta kwance, ba za ta haɗiye ko ƙwaya ɗaya ba sai ta ji mijinta ya roƙa mata Allah da bakinsa.

Baƙo ya ɗauka zafin zazzaɓi ne. Ya bayyana mata a hankali cewa ai ita ce mai wannan ikon, ta yi wa kanta addu'ar da sunansa, shi ke nan. Ta juya masa baya. Ya hau babur ya ɗauko Fasto. Fasto ya yi addu'a mai tsawo, ta ce amin, ta sake rufe baki. Baƙo ya dube ni, na ce riƙon ƙwaryata ya ƙare tun bara waccan. Har Idrisa sai da Baƙo ya kira a waya, ko za a samu wani abu ta ɓangarensu na Musulmi. Idrisa ya ce zai roƙa mata sauƙi da zuciya ɗaya, amma ko a wajensu babu mai yi wa wani sallar la'asar, ya daina wahalar da babur.

Rana ta take. Leɓɓanta sun bushe. Malamar ta leƙo karo na uku, ta dubi kofin, ta dubi Baƙo.

Ya matso kusa da ni, ya tambaya ƙasa-ƙasa ko da wace kalma ake farawa, kuma ko sai an tsaya. Na ce ya fara da wadda ta zo. Ya gyara wuyan riga, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Da ya durƙusa gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar an karya kara.

"Ubangiji," ya ce, "ni ne Baƙo, mijin Balaraba. Ita ka san ta. Ni ne ba mu saba ba."

Na ɗauka ya gama. Sai muryar ta fito wata iri, ba ta biro ba.

"Ban iya ba. Ka bar mini ita. Ba don aikin ba, ko ta aje aikin ka bar mini ita. Abin da ke kaina kuma, zan zo da kaina mu yi magana."

Balaraba ta buɗe ido ɗaya. "Baban Hasana, cikin sunan wa?"

"Cikin sunan Yesu."

"To miƙo ruwan."

Ta haɗiye ƙwayoyin uku a tare, ta ɓata fuska don ɗaci. Shi kuwa yana nan a ƙasa, ya kasa tashi, sai da ni da malamar muka kama shi ta hammata.