Inno Ta Je Ganin Ƙafar Malam

Duk wanda ya taɓa shan fura a kasuwar Roni ya san Inno, in bai san ta da suna ba ya san ta da harara. Bafulatana ce doguwa, ƙashi da jijiya, rugarsu na bayan duwatsu, inda kakanninta suka gaji da yawo suka kafa bukka suka koyi noman gero. Ta haifa ta binne har ta daina ba mutane labari. Abin da ya rage mata a duniya ɗa ɗaya ne, Sama'ilu, wanda ya bi shanu kudu sai a shekara a ji ɗuriyarsa, sai kuma jika, Khairiyya, wadda uwarta ta rasu a kan gwiwa. Da madarar saniya da tsumma Inno ta raine ta, shi ya sa ko ƙuda ya sauka a kan yarinyar sai ta tambaye shi wa ya aiko shi.

Inno ba matsoraciya ba ce, amma ta san ba mu kaɗai ke zaune a ƙasar nan ba. Ba ta zubar da ruwan zafi sai da bismilla. Ba ta bi ta gindin tsamiya rana tsaka. In ta ji an kira sunanta ba ta ga mai kiran ba, ko muryar uwarta ce ba za ta amsa ba. A kan haka ta tarbiyyantar da jikarta, ko kuwa ta zaci ta yi.

Da Khairiyya ta gama sakandare ta ce malamar makaranta take so ta zama. Aka samo mata wata babbar makaranta ta karatu daga nesa, mai ɗan ofis a Kazaure, wadda ba a zuwa aji, a waya ake koyarwa. Inno ta ji daɗi, ta ce gara haka, yarinya na gabanta tana karatu tana damun fura. Abin da ba a gaya mata ba shi ne a rugar babu sabis. Duk faɗin wurin waya ba ta kamawa sai a wuri ɗaya: can kan dutse, a gindin wata tsohuwar tsamiya da ko awaki ba sa kwanciya a inuwarta. Kuma yarinya ba ta samun sukuni sai an gama tatsa da wanke-wanke, rana ta take.

Mata masu itace suka fara gani. Ga budurwa ita kaɗai a gindin tsamiya, wani farin zare ya fito daga kunnuwanta, tana kallon tafin hannunta tana cewa “Na'am,” ta yi shiru, ta gyaɗa kai, ta yi murmushi. Kun san bakin mata, ba ya jiran mota. Kafin kasuwa ta zagayo magana ta riga Inno isa. Mace ta sayi nono, ta sassauta murya, ta ce, “Inno, ya mai jiki? An ce aljanin dutse ya aure ta.” Inno ta ce, “Mijinki da ke hira da bango tun bara, wa ya aure shi?” Ta ba da amsa dai, amma maganar ta bi ta har gida.

Washegari ta bar yarinyar ta yi gaba, ta ɗauki sanda ta bi sawu. Dutsen ya yi zafi kamar tanda. Babu tsuntsu, babu iska, sai ƙarar gyare. Tun daga nesa ta jiyo jikarta tana amsa wa wanda babu shi.

Ta ce, “Ke, da wa kike magana?”

Khairiyya ta zabura, sannan ta yi dariya. “Tsohuwa, da wannan gwiwar taki kika hau? Malamina ne.”

“Ina yake?”

Yarinyar ta zare zaren kunnen, murya ta fito fili, muryar namiji mai sanyi, ta cika gindin tsamiyar. A fuskar wayar ga mutum nan, cikakken magidanci da furfura kaɗan a gemu, hula a kai, farin allo a bayansa. Malam Musaddiƙ, in ji Khairiyya. Yana bayanin yadda ake zaunar da ƙananan yara a koya musu baƙi.

Inno ta gyara mayafi ta yi masa sallama. Bai amsa ba. Ta sake yi. Ya ci gaba da zubarsa yana kallon tsakiyar idonta. Can ya yi tambaya, ya yi shiru, ya karkata kai yana jira.

Inno ta matsa kusa ta ce, “Uban wa ya aiko ka wurin jikata?”

Mutumin ya yi murmushi ya ce, “Madalla. Haka yake.”

Khairiyya har da riƙe ciki. Ta ce ai ɗauka aka yi aka ajiye, kamar wa'azin kaset, ba ya jin kowa. Ta mayar da shi baya don tsohuwar ta gani. Ya sake yin tambayar, ya sake karkata kai, ya sake yin ɗan tari a daidai inda ya yi ɗazu. Wannan tarin shi ya tsaya wa Inno a rai. Kaset ba ya kallon mutum. Kaset ba ya jiran amsa. Kuma ɗan Adam ba ya tari iri ɗaya sau biyu.

Inno ta ce, “Karkato shi in ga ƙafarsa.”

“Inno, iyakarsa ƙirji.”

“Kin taɓa ganin ƙafarsa?”

“Me zan yi da ƙafarsa? Bakinsa nake saurare.”

To, ko yaron goye ya san mutanen ɓoye na aron fuska, suna aron murya, amma kofato ba ya ɓoyuwa. Nan a gindin tsamiyar Inno ta yanke hukunci, ta kuma rantse da kabarin uwar yarinyar: in ta ga ƙafar mutumin nan da idonta, ƙafa irin ta mutane, karatu ya ci gaba, ba za ta ƙara cewa uffan ba. In ba ta gani ba, waya ta tafi rijiya.

Ta soya man shanu ta cika 'yar ƙwarya, don in mutum ne ba a zuwa wurin malamin ɗiya hannu rabbana. Suka hau mota zuwa Kazaure. A ofishin suka tarar da wata budurwa da wani mai gilashi a bayan na'ura. Da Khairiyya ta ambaci Malam Musaddiƙ sai suka dubi juna. Mai gilashin ya ce ba ya zuwa nan. Inno ta ce a ina yake zuwa? Ya ce ba ya zuwa ko'ina. Ta ajiye ƙwaryarta a kan teburinsa ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ce to ita ma ba ta zuwa ko'ina. Da ya ga abin na yi ne sai ya kira mai adaidaita ya yi masa kwatancen gidan Malam.

Gidan na ƙarshen wani lungu ne, dutse ya leƙo ta bayansa. Matar gidan, Zubaida, ta amsa sallama, ta shigar da su ba ta tambayi ko su wane ne ba, kamar wadda ta daɗe ba ta ga baƙo ba. A tsakar gida, a inuwar darbejiya, ga wani mutum a kishingiɗe kan katifa, an tokare shi da matashi. Ya bushe kamar karan bara. Baki ya karkace, hannu ɗaya a naɗe a ƙirji. Sai da Khairiyya ta daɗe tana kallo kafin ta durƙusa ta ce, “Malam, ina wuni.”

Inno kuwa ko fuskarsa ba ta duba ba. Ta zagaya ta ƙasa ta ɗage bakin zanen da aka rufa masa. Ga ƙafa nan, kumburarriya, da faso a dunduniya, yatsu cif, farce ya yi tsawo. Har taɓawa ta yi. Ta sauke numfashi ta ce, “Alhamdu lillahi, mutum ne.” Ta miƙa wa Zubaida man shanun.

Zubaida ta kawo ruwa, ta zauna, labari ya ɓalle mata. Ta ce shekara da shekaru yana koyarwa a gaban allo, har makarantar ta zo da sabon tsari. Rani guda ya yi yana kulle kansa a ɗakin can shi da na'ura, daga hantsi har la'asar, yana magana shi kaɗai, yana tambaya yana amsa wa kansa. Duk abin da ke cikinsa sai da ya juye. Bai daɗe da gamawa ba wata safiya ya faɗi a bakin rijiya. Likita ya ce hawan jini ne. Tun daga ranar ko “ruwa” bai ƙara cewa ba.

Ta ce, “Abin da ke damuna, Baba, ɗalibai na wucewa ta lungun nan da shi a aljihu. Ina tsakar tuwo sai in ji muryarsa ta bayan katanga. In yar da muciya in rugo, in same shi yadda na bar shi.”

Khairiyya yarinya ce mai zuciya, ta so ta faranta masa. Ta ce, “Malam, har yanzu kai ke koya mana, ji ka gani.” Kafin a hana ta ta kunna.

Muryar ta tashi a tsakar gidan, garau, da ƙarfinta. Kajin da ke tono suka tsaya. Idon mutumin ya juyo a hankali ya sauka kan wayar. Sai leɓensa ya fara motsi, ba sauti, kuma Inno ta lura ba bin muryar yake ba, gaba yake da ita kaɗan, shi ya fara ita ta biyo. Da aka zo wurin tambayar, na cikin wayar ya karkata kai, na kan katifar ma ya karkata, yana kallon Khairiyya, yana jira. Wayar ta ce, “Madalla. Haka yake.” Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya ya shige masa kunne.

Inno ta zo neman aljani, ta tarar da abin da ya fi shi. Tun tana yarinya ta san yadda maye ke yi: ya kama kurwar mutum ya tura a gora ya toshe, kurwa na can tana motsi, gangar jiki na nan tana bushewa. Kuma ta san maganinsa, a sa wanda ya kama ya tsallake wanda aka kama. Ta fizge wayar daga hannun jikarta, ta tsaya a kan mutumin, ta ƙetarar da ita ta samansa daga dama zuwa hagu, ta dawo, ta sake, tana cewa, “Sako masa abinsa. Ka ci ka ƙoshi, sako masa.”

Zubaida ta ce, “Subhanallahi, Baba, ciwo ne daga Allah.” Amma ba ta tashi ta riƙe hannun ba. Ita ma bakin mijinta take kallo.

Suka jira. Leɓen ya daina motsi. Ya rufe ido. Babu abin da ya fito.

Sai da suka fita lungu Inno ta mayar wa yarinyar wayarta, da yatsa biyu, kamar mai miƙa mataccen ɓera. Ta ce, “Na rantse, kuma na ga ƙafa. Yi karatunki. Amma ji kawai za ki yi. Kada ki kuskura ki zuba mata muryarki.”

Khairiyya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi.

“Da ke nake.”

“Inno, gwajin koyarwa da murya ake yi. Mu tsaya mu koyar, mu ɗauka, mu tura musu. Tun da na fara karatun nake turawa.”

“Da yawa?”

“Da yawa.”

Inno ta tsaya cak a tsakiyar hanya har mai babur ya yi mata tsawa. Rantsuwa ta riga ta fita, kuma da kabari aka yi ta, ba a lashe irinta. Ita da bakinta ta ɗaure kanta. Da suka shiga mota ta ce, “Yi magana.” Yarinyar ta ce ta ce me? Ta ce ko me, sunayen shanu, karatun sallah, zagi ma in ta ga dama. Haka Khairiyya ta yi ta zuba har Roni, fasinjoji na kallonsu, tsohuwar ta kafa kunne a kafaɗarta ido a rufe.

Malam Musaddiƙ ya rasu da damina ta gaba. An ce har yau yana koyarwa. Khairiyya ta gama, ta samu aji a wata firamare a wajen Gwiwa, yara na son ta, muryarta har bakin titi. Ta saya wa Inno 'yar ƙaramar waya don su riƙa gaisawa, Inno ta sa a ƙarƙashin turmi ta danne. Don haka duk Juma'a sai malama ta hau babur ta zo ruga da kanta. Inno ta daina zuwa kasuwa, ido ya yi rauni, amma kunne na nan. Ta zaunar da ita gwiwa da gwiwa, ta riƙe mata wuyan hannu, ta ce, “Yi magana.” Sai ta yi shiru tana saurare, kamar mai ƙwanƙwasa sabuwar ƙwarya tana neman tsaga.

Juma'ar da ta wuce, bayan babur ya tafi, wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, “To Inno, ya kika ji ta yau?”

Inno ta ce, “Muryar da sauranta.”