Ƙoƙo Ɗaya a Bakin Tafkin Madarumfa

Mun tashi da asuba daga Damagaram, mu uku a motar ɗayanmu mai sayar da taya, wadda ba ta tashi sai an tura. Madarumfa muka nufa, garin da aka yanke mana cibi. Na huɗunmu ne ya dawo gida ya gayyace mu cin abinci. Ya daɗe a Sifaniya yana aiki a gidan abinci, kuma tun da labari ya iso gida cewa har giya yake kai wa Turawa a tebur, babbanmu, wanda muke kira Malam, ya daina ɗaukar wayarsa. Da ƙyar muka sa Malam a mota. Duk hanya carbi yake ja, ni kuwa na san in ba su shirya a wannan zama ba, abotar da muka fara tun muna kamun kifi da tsohon gidan sauro ta watse ke nan.

A Tasawa muka karya da kunu da ƙosai. Na dala arba'in ya ƙosar da ni, amma mai ƙosan da ta ga muna tura mota ta ce gara mu ƙara na dala goma saboda gaba. Daga Gazawa zuwa Cadawa gero ya yi kai, amalanke sun cika gefen titi, kuma jakin ƙasar nan bai san hon ba. A Maradi muka sayi ƙanƙarar da mai gayya ya roƙa, muka kama hanyar Ɗan Issa, muka ratse gida. Tafki ya cika maƙil, har ƙwalla ta zo mini.

Mai masaukinmu ya rame, ya yi furfura. Mu biyu muka rungume shi. Malam kuwa kan yatsu ya ba shi.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mai gida ya fara bayani yana sosa ƙeya. "Can kowane abinci da abin shansa. Farar giya ta kihi ce, ja ta nama. Ni ban taɓa kai ta baki ba, Allah shina gani, amma dabarar na koyo." Da abin shanmu na gida ya yi aiki da ita. Gasasshen kifin tafki ya zo da ruwan tsamiya mai sanyi, tsamin ya kashe ƙarni ya bar daɗin. Dambu da zogale aka haɗa da ruwan citta. Balangu kuwa da soɓo mai kauri, wanda ba a cika wa sukari ba, yana wanke maiƙo daga baki. Ni da na ɗauka iyakar ilmi shi ne a ci a kora da ruwan randa, sai ga ni ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Kowa an jera masa kofunan gilashi a gabansa. Malam ya ci kifi, bai taɓa kofi ko ɗaya ba. Can ya lura mai gida ya ajiye nasa kofin a bayansa, da jan zare ɗaure a gindi.

"Mi ya sa naka ke da zare?" in ji Malam.

"Don kar ya garwaye da naku, Malam. Na san ana ƙyamar bakina."

Malam ya tashi da kansa ya ɗauko ƙoƙon da ke kife a bakin randa, ya bi kofunanmu ya juye soɓon kowa a ciki, ya miƙa wa mai gida. "Sha." Ya sha. Malam ya karɓa, ya juya ƙoƙon sai da ya samo daidai inda leɓensa ya jiƙa, ya kafa baki a nan.

"Hushi na yi da kai, ban yi ƙyamarka ba," ya ce yana goge gemu. "Amma soɓon ga da kihi bai tahi ba. Miƙo tsamiyar."

Muka yi dariya, mai gida yana yi yana share ido da hannun riga. Daga nan ƙoƙon ne ya yi ta zagaye, kofuna suka zama 'yan kallo.

Washegari bayan mun gaida dangi muka juyo, da sauran kifi a ƙunshe, muka iso Damagaram da la'asar lafiya. Na koyi abin da ake sha da kifi da abin da ake sha da nama. Na kuma gane cewa shirun da muka yi wa ɗan'uwanmu, shi can ya karanta shi da muni fiye da yadda muka nufa, kuma wannan ya yi mini ciwo. Ko Cadawa ba mu kai ba a dawowar Malam ya ciro waya ya kira shi da kansa, wai yana tambayar abin da ya dace a sha da tuwon dawa.