Yatsu Huɗu na Velimir

Maƙwabcina Velimir ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin kwastan a kan iyakar da ke bayan dutsen ƙauyenmu, kuma har ya yi ritaya bai taɓa yarda cewa akwai motar da ba ta ɓoye komai ba. Awonsa ɗaya ne. Zai durƙusa ya cusa hannu tsakanin taya da jikin mota. In ƙaramar mota ce kuma yatsu huɗu suka shiga, sai ya ɗaga sanda ta wuce. In uku ne, a buɗe but. In biyu ne, nauyin kayan ɓoye ya danne ta ke nan, to direba ya nemi inuwa ya zauna, don ranar a nan zai yini. Da wannan hannun ya kama taba da kofi da man fetur ba iyaka, kuma ko kwalin sigari ɗaya ba a taɓa cewa ya karɓa ba. Wannan kam na shaida, duk da mutumin yana ba ni haushi.

Ya ajiye kaki amma bai ajiye halin ba. Burodi sai ya jinjina shi kafin ya saya. In ka kawo masa giyar da ka dafa a gida, sai ya ɗaga kwalbar a rana yana neman ruwan da ka ƙara. Ni bakanike ne, garejina yana bakin titi inda hanyar ƙauye ta rabu, kuma ko iska na sa masa a keke sai ya matsa tayar ya kalle ni.

'Ya ɗaya gare shi, Dushanka, ma'aikaciyar jinya a asibitin cikin gari. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar uwarta, duk Lahadi tana zuwa da miya a tukunya. Mijinta Obrad mai kiwon zuma ne, shiru-shiru, amma danginsa a tsallaken iyaka suke, kuma a wurin Velimir wannan kaɗai ya isa laifi.

Dushanka tana da wata 'yar mota ja mai ƙofa biyu da take ji da ita. Wata rana ta kawo min sababbin sifirin huɗu, gajeru, ta ce in sauke mata motar ta yi ƙasa-ƙasa. Ta gaji da yadda take tangaɗi a kwane-kwanen hanyar dutse, kuma tana so ta ga tayoyin sun cika gurbinsu. Na ce mata cikin motar zai riƙa gaisawa da duwatsu, ta ce, "Kawu, kai dai ɗaura, ni zan tuƙa." Na ɗaura, na sauya shakazoba, muka gwada. Gaskiya motar ta kwanta a kwana lafiya lau, kuma ta yi kyau.

Ranar Lahadi ta hau ƙauye a hankali, tana kauce wa ramuka, ta isa ba ko ƙwarzane. Kafin ta sauke tukunya uban ya riga ya durƙusa a gindin taya. Yatsu biyu. Ya ci miyarsa yana kallon Obrad ta gefen ido.

Washegari sai ga shi a garejina. Na nuna masa tsofaffin sifirin a ƙasa, na jera su da kwalin sababbin, na yi bayani har bakina ya bushe. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce shi ma da ɗan fasa-ƙwauri ne haka zai yi: ya sauke motar tun tana fanko, ma'aikata su saba ganinta a ƙasa, ranar da aka cika ta da kaya ba wanda zai lura. Wai yarinyar ba ta san komai ba, mai zuman ne ya sa mata ra'ayin.

Na ce, "Maƙwabci, 'yarka ce fa. Ita ta zo da ƙafarta."

Ya ce, "Duk wanda na taɓa kamawa ɗan wani ne."

Raina ya ɓaci, na ce ya fita min daga gareji. Da na san abin da zai yi, da na bi shi har gida. Ashe waya ya buga wa wani da ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, ya ba shi lambar motar. A tunaninsa gara a kama Obrad yanzu da a kama Dushanka wata rana ita kaɗai a sitiyari.

Asabar ɗin da ta biyo baya suka tashi zuwa bikin suna a dangin Obrad. A kan iyaka aka ware su gefe. Aka cire kujeru, aka ɓalle murafen ƙofofi, aka zare tayar ajiya, aka zura waya a tanki, mutanen da suka san ta a asibiti suna wucewa suna leƙe. Awa biyar. Abin da aka samu kwalba shida ce ta gasasshen barkono da kek ɗin da ya narke a rana. Da suka gama, jami'in, wai shi mai ladabi, ya miƙa mata makulli ya ce ta gaida tsohon maigidansu Velimir, ta faɗa masa an duba yadda ya ce, ba a ga komai ba.

Ni na mayar da murafen ƙofofin. Tana tsaye a kaina ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ambaci sunan uban ba. Lahadi ta zo ta wuce ba jar mota, wata ma ta wuce. Da ya kira ta, sai ta ce hanyar ƙauye ta lalace, motar ba za ta iya hawa ba.

Kwana biyu bayan haka na hango shi da baro da shebur. Ya zo ya tambaye ni tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa, ya yanki kara daidai tsawon, ya fara daga ƙofar gidansa. Duk ramin da ya samu ya cike da tsakuwa, duk dutsen da ya fi karan tsayi ya tone shi. Mutum mai shekara saba'in da ciwon gwiwa. Sai da ya yi wata biyu kafin ya iso bakin garejina, kuma tausayinsa ya kama ni har na manta ina fushi da shi.

Na kawo masa kofi, na ce, "Velimir, ka san dai ba hanya ba ce. Ranar farko ma ta hau lafiya."

Ya shanye kofin bai ko sansana ba, abin da ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Shekara talatin ana yi min ƙarya a fuska, kana ganin ban gane wannan ba? Amma hanyar kaɗai ta bar min da zan iya gyarawa."

Ya ɗauki karansa ya koma sama, yana sake auna wuraren da ruwan sama ya zaizaye. Ranar Asabar ce, washegari Lahadi.